Launin ƙananan gansakukan teku: tambayoyi da amsoshi kan abin da ke ƙara shi da abin da ke kashe shi

Duk wanda ya taɓa renon ƙananan gansakukan teku a kwalba ya ga wannan abu da idonsa. Za ka bar ruwan kore shar, bayan kwana biyar ka dawo ka tarar ya koma ruwan lemo, ko ya koɗe kamar tsohon yadi. Irin da ka zuba yana nan, babu wanda ya sauya shi. Haske ne, ko gishiri, ko abinci, ko zafi, ɗaya daga cikinsu ya motsa, halittar kuma ta ba da amsa da launinta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da masu shirin shiga wannan reno suka fi maimaitawa.

Wai su waye ƙananan gansakukan tekun nan?

Halittu ne masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, sai fa in sun taru da yawa har sun rina ruwa. Suna haɗa abincinsu da hasken rana da iskar kabon dayoksaid kamar yadda ganyen bishiya ke yi. Kimanin rabin wannan aiki a duniya baki ɗaya a cikin teku ake yinsa, kuma waɗannan ƙananan ne ke yinsa. Danginsu ba ɗaya ba ne. Akwai koraye irin su Dunaliella da Tetraselmis, akwai masu ruwan ƙasa da ake kira dayatom, waɗanda ke gina wa kansu gida na silika, wato sinadarin da ake yin gilashi da shi, akwai masu ruwan zinare irin su Tisochrysis, akwai jajaye irin su Porphyridium. Akan kuma haɗa da wasu bakteriya masu amfani da haske, irin su Synechococcus, domin aikinsu iri ɗaya ne ko da asali ya bambanta.

Launukan nasu iri nawa ne, kuma me suke yi musu?

Gida uku ne. Na farko kulorofil, koren da kowa ya sani, wanda ke kama haske shuɗi da ja ya bar kore ya wuce. Na biyu dangin karotin, masu launi daga rawaya zuwa ruwan lemo zuwa ja. Sunan ya samo asali ne daga karas, domin daga cikinsa aka fara ware sinadarin a 1831. A wannan gida akwai beta-karotin, lutin, ziyazantin, astazantin da fukozantin. Na uku su ne launukan da ke manne da furotin kuma suke narkewa a ruwa: fikoyeritirin mai ja da fikosayanin mai shuɗi.

Sai dai wannan rabo na masu haɗa sinadarai ne. Mai reno ya fi buƙatar wani rabon, wato aikin da kowane launi ke yi wa ƙwayar. Wasu launukan raga ce ta kamun haske: kulorofil, fukozantin, fikoyeritirin, fikosayanin. Ƙwaya na shimfiɗa su don ta tattaro hasken da za ta ci da shi. Wasu kuma laima ce: tarin beta-karotin na Dunaliella, astazantin, ziyazantin. Ƙwaya na buɗe su don hasken da ya fi ƙarfinta kada ya ƙone ta. In ka riƙe wannan bambanci, rabin tambayoyin da ke gaba ka amsa wa kanka su tun kafin ka karanta.

An ce in ka wahalar da su sai su zubo da launi. Gaskiya ne?

Wannan magana ta ɓata wa mutane da yawa lokaci da iri, shi ya sa nake so in tsaya a kanta. Gaskiya ce ga launukan laima kaɗai. Dunaliella salina, in ta haɗu da rana mai ƙuna, gishiri mai yawa da ƙarancin naitirojin, takan tara beta-karotin har ya kai kashi 10 cikin 100 na busasshen nauyinta, wani lokaci ya haura. Babu wata halitta da aka sani da ke tara shi haka. Daga nan ne maganar ta samo tushe, aka ɗauke ta aka yafa wa kowane iri.

Ka ɗauki waɗannan sharuɗɗa ka ɗora wa dayatom ɗin nan Phaeodactylum tricornutum da niyyar samun fukozantin, asara za ka tafka. Fukozantin raga ce, kuma ƙwayar da haske ya yi mata yawa ba ta da dalilin faɗaɗa raga, naɗe ta take yi. Haka fikoyeritirin na Porphyridium. Lokacin da na fara renonsa na ɗora kwalbar a bakin taga, ina ganin rana za ta ƙara masa ja. Ranar farko ruwan ja ne wur, mai duhu, ba ka hango yatsanka ta bayan kwalbar. Kafin mako ya zagayo ya dawo ruwan lemo mai kashe-kashe, ruwan ya yi yauƙi, in ka girgiza sai kumfa ta daɗe ba ta kwanta ba. Ƙwayoyin ba su mutu ba. Sun wargaza jan ne, suka juya ƙarfinsu ga fitar da wani sukari mai danƙo da suke lulluɓe kansu da shi. Kwalbar da na manta a lungun kanta, inda hasken fitila ke isa da ƙyar, ita ce ta riƙe janta.

Don haka kafin ka taɓa fitila ko taki, tambayi kanka launin da kake nema raga ce ko laima. Raga tana son haske mai sauƙi da ƙoshi. Laima tana son haske mai zafi da yunwa.

To, haske nawa ne mai yawa, nawa ne kaɗan?

Masu bincike na auna shi da adadin ƙwayoyin haske da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, a ma'aunin maikuromol. Rana tsaka ba gajimare takan kai kusan 2000. Yawancin renon ɗakin bincike kuwa tsakanin 50 da 200 ake yinsa. Ka ga ke nan ranar Allah ta ninka abin da akasarin irin nan ke iya sarrafawa sau da yawa.

Ƙwaya na amsa sauyin haske ta hanya biyu, ɗaya mai sauri ɗaya mai nawa. Mai saurin cikin mintuna take faruwa. Da haske ya buga da ƙarfi, dayatom na juya wani launi da ake kira dayadinozantin ya zama dayatozantin, wanda ke karɓar rarar ƙarfin hasken ya fitar da shi a matsayin ɗumi. Koraye kuma suna juya bayolazantin ya zama ziyazantin don wannan aikin. In haske ya lafa sai su mayar da shi yadda yake. Mai nawar tana cin sa'o'i zuwa kwanaki: ƙwaya na sake gina na'urar kamun haskenta gaba ɗaya. A inuwa takan ƙara kulorofil da abokan aikinsa har ninki da yawa, a rana ta rage su.

Abin da ke sa rarar haske zama haɗari shi ne, kulorofil ba ya iya ƙin karɓar haske. In ya karɓa kuma babu inda za a kai ƙarfin, sai ya faɗa kan oksijin, ya haifar da wasu nau'o'insa masu cin duk abin da suka taɓa, furotin ne ko kitse. Dangin karotin ne ke kashe wannan wuta.

Launin hasken kansa yana da tasiri, ko ƙarfinsa ne kawai?

Yana da shi, kuma dalilin yana cikin teku. Ruwa na shanye jan haske tun a mitocin farko, shuɗi da kore ne ke nutsawa ƙasa. Shi ya sa gansakukan teku suka tanadi launukan da tsirran tudu ba su da su. Fukozantin na kama haske tsakanin nanomita 450 da 540 a ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi, wato shuɗi mai garwaye da kore, daidai inda kulorofil ke da rauni. Fikoyeritirin na kama koren haske, fikosayanin na kama ruwan lemo zuwa ja.

Tun a farkon shekarun 1900 masana biyu, Engelmann da Gaidukov, suka lura cewa wasu daga cikin bakteriyan nan masu amfani da haske na sauya launinsu gwargwadon hasken da aka haska musu: a koren haske su yi ja, a jan haske su yi shuɗi-kore. Wasu nau'o'in Synechococcus na teku suna da irin tasu dabarar, suna daidaita ragarsu tsakanin shuɗin haske na tsakiyar teku da koren haske na ruwan gaɓa. Prochlorococcus kuwa, wani ɗan'uwan Synechococcus wanda masaniya Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana a 1988, ya kasu har gida biyu: masu zama a saman ruwa da masu zama a zurfi, kuma na zurfin sun fi tara nau'in kulorofil mai kama shuɗin haske.

Da fitilun LED suka yi araha, gwada wannan ya zama mai sauƙi. A dayatom, shuɗin haske yakan taimaka wa fukozantin, domin suna da wasu furotin masu jin shuɗi da ke kunna aikin gina launi. Amma shawarata ita ce kada mai farawa ya kashe kuɗinsa kan fitilu kala-kala alhali bai daidaita ƙarfin haske da abinci ba. Tasirin waɗannan biyun ya fi girma nesa ba kusa ba.

Me ya sa kowa ke ta maganar naitirojin?

Saboda shi ne ke raba launukan gida biyu tun daga ƙirarsu. Kowane kulorofil ɗaya na ɗauke da naitirojin huɗu da suka kewaye maganeziyam ɗaya a tsakiya. Fikoyeritirin da fikosayanin furotin ne, furotin kuwa ba ya ginuwa sai da naitirojin. Shi ma fukozantin, ko da yake babu naitirojin a jikinsa, ba ya aiki sai a zaune cikin furotin. Beta-karotin kuma kabon 40 ne da haidirojin 56, ba ko ɗigon naitirojin.

Yanzu ka duba halin da ƙwaya ke shiga in naitirojin ya ƙare a ruwa. Ba ta iya rabuwa, domin ba ta da abin gina sabon furotin. Amma rana ba ta daina fitowa ba, kabon kuma bai daina shigowa ba. Sai ta yi abu biyu. Ta rushe launukanta masu furotin ta kwashe naitirojin ɗinsu don ayyukan da suka fi zama dole, kamar mai sayar da kayan ɗaki don ya ci abinci. Sannan ta zuba rarar kabon cikin abubuwan da ba sa buƙatar naitirojin: sitaci, kitse, da karotin. In ka ɗora Dunaliella mai yunwa a ƙarƙashin madubi za ka ga ƙwaya mai siffar ƙwai, da 'yan gashi biyu a gaba tana iyo da su a hankali, gefen cikinta cike da ɗigo-ɗigon mai masu ruwan lemo. A cikin ɗigon nan karotin yake narke, ya kewaye wurin kamun hasken kamar labule.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. Ruwan renon da aka fi amfani da shi a duniya, wanda ake kira f/2, daga aikin masana Guillard da Ryther na 1962 ya fito, kuma miligiram 75 na sodiyam naitiret, takin da ke ba da naitirojin, ne kawai a kowace lita. Ya wadatar don adana iri da renon da bai yi kauri ba. In reno ya yi kauri, cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin ke cinye shi tas. Sau da yawa mai kukan cewa dayatom ɗinsa sun koɗe yana zargin fitila ne, alhali yunwa ce.

Gishiri fa? Ai halittun teku ne, sun saba da shi.

Sun saba da na teku, wato kimanin giram 35 a lita. Yawancinsu suna jure ɗan sama da haka ko ɗan ƙasa, girma ya ragu kaɗan, launi ya ɗan motsa. Dunaliella salina ce ta fita daban. Tana rayuwa har a ruwan da gishiri ya ƙoshi ya fara daskarewa, sama da giram 300 a lita. Ba ta da bango mai tauri, don haka takan kumbura ko ta motse nan take in gishiri ya sauya, sannan ta daidaita cikinta da gilisarin da take haɗawa. Michel Félix Dunal ne ya fara bayyana ta a 1838 daga filayen gishiri na kusa da Montpellier a kudancin Faransa, daga baya wani masani, Teodoresco, ya raɗa mata sunan Dunal a 1905.

Masu nomanta sun gano cewa gishirin da ta fi girma a ciki, kashi 18 zuwa 22 cikin 100, bai kai wanda ta fi tara karotin a ciki ba, wato sama da kashi 27. Gishirin da kansa ba shi ke rina ta kai tsaye ba. Yana rage mata saurin rabuwa ne, sai kowace ƙwaya ta sha hasken da ya fi buƙatarta. Yana kuma yi wa manomi wani aikin: kaɗan ne daga cikin halittu masu cin ta ko masu gasa da ita ke iya zama a irin wannan ruwa. Wannan ne ya sa ake iya nomanta a buɗaɗɗun tafkuna masu faɗin ɗaruruwan hekta a Hutt Lagoon da Whyalla a Ostareliya tun shekarun 1980, da kuma ƙananan tafkunan da ake juyawa a Eilat ta Isra'ila. Babban abin tsoron irin waɗannan gonaki shi ne ruwan sama mai yawa, domin da zarar gishiri ya tsinke, masu cin ta sun samu ƙofa.

Karotin ɗin Dunaliella ne dalilin da wasu tafkuna ke zama ruwan hoda?

Shi ne, tare da taimakon wasu ƙananan halittu masu son gishiri da ake kira arkiya, waɗanda su ma ke da nasu jan launin. Tafkin Retba da ke arewa maso gabashin Dakar a Senegal misali ne da ya nuna abin ƙarara. Launinsa ya fi fitowa da rani, lokacin da ruwa ya ƙafe, gishiri ya yi kauri, rana ta buɗe. A 2022 ambaliya ta kwararo cikinsa ta tsinka gishirin, tafkin ya rasa hodarsa ya koma kore-kore. Abin da ke faruwa a kwalbar ɗakin bincike ne ya faru a tafki guda.

Zafi da sanyi suna da hannu?

Akasarin irin da ake reno sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 25 a ma'aunin Salshiyos. Phaeodactylum ya fi son wajen 20, kuma in an doshi 30 sai ya durƙushe. Dunaliella na jure har kusan 40. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne alaƙar sanyi da haske. Kamun haske ba ruwansa da sanyi, amma sarrafa abin da aka kama aikin enzayim ne, wato furotin masu tafiyar da ayyukan cikin ƙwaya, su kuma sanyi na rage musu gudu. Saboda haka ƙwayar da ke cikin sanyi takan ji matsakaicin haske kamar mai tsanani, ta rage kulorofil ta ƙara laima. Safiya mai sanyi da rana mai haske sosai na daga cikin lokutan da suka fi wahalar da reno a fili.

Ina jin ana maganar tsami da kabon dayoksaid. Dole ne in damu da su?

In renonka ya yi kauri, dole ne. Ruwan teku na wajen 8.1 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami, wanda adadinsa ke hawa in tsami ya ragu. Yayin da ƙwayoyi ke zuƙe kabon da rana, adadin na hawa, har ya wuce 9. A nan kabon da za su iya ɗauka ya yi ƙaranci, ƙarfe da fosfet kuma su fara kwanciya a ƙasa inda ba su da amfani. Sakamakon yunwa ce a ɓoye, ga taki a ruwa amma ba ya ciyuwa. Busa iska mai ɗauke da ɗan kabon dayoksaid na magance duka biyun lokaci guda.

Ban da naitirojin, wane abinci ne ke taɓa launi?

Ƙarfe ne kan gaba. Ana buƙatarsa wajen gina kulorofil da kuma cikin na'urar da ke sarrafa ƙarfin haske, don haka rashinsa na sa ƙwaya ta yi fari-fari. Akwai manyan yankunan teku, irin su Tekun Kudu da yankin Pasifik da ke kan layin Ikwaita, da ke da wadatar naitirojin da fosfet amma kulorofil ɗinsu kaɗan ne. Masanin teku John Martin ya ce ƙarfe ne ya yi ƙaranci. Ya rasu a 1993, 'yan watanni kafin a gwada maganarsa a kusa da tsibiran Galapagos, inda aka zuba narkakken ƙarfe a wani yanki na teku. A gwaji na biyu a 1995 shuɗin ruwan ya koma kore cikin kwanaki, dayatom suka cika shi.

Maganeziyam yana da yawa a ruwan teku, ba ya zama matsala sai ga mai haɗa ruwansa da kansa. Yawancin dayatom ba sa rabuwa in babu silika, ko da yake Phaeodactylum na iya girma ba tare da ita ba, abin da ya sa ya zama abin so ga masu reno. Iri da yawa kuma na buƙatar bitamin B12 daga waje.

In yunwa na ƙara karotin amma tana hana girma, yaya ake cin riba?

Nan ne lissafi ke shigowa, kuma nan ne nake ganin rahotanni da yawa ke ruɗar mai karatu. Yawan launi a cikin ƙwaya ɗaya daban, yawan launi a cikin lita ɗaya daban, yawan da ake samu a kowace rana kuma daban. Mu ƙaddara kwalba biyu don misali. Ta farko an matsa mata tun daga farko, tana da giram 0.2 na busassun ƙwayoyi a lita, kashi 10 cikin 100 karotin: miligiram 20 ke nan. Ta biyu an bar ta ta ƙoshi, tana da giram 1 a lita, kashi 4 kacal: miligiram 40. Ta farko ta fi kyan gani, ta biyu ta ninka ta amfani. In kuma ta farkon ta ci mako uku kafin ta kai haka, ta biyun mako ɗaya, tazarar ta ƙara faɗi.

Mafitar da aka samo ita ce reno mataki biyu. A matakin kore a ba ƙwayoyi duk abin da suke so su yawaita. In sun cika, a mayar da su matakin ja: a yanke naitirojin, a buɗe musu rana, a ƙara gishiri. Ga launukan raga kuwa tsarin kusan akasin haka ne. Ba a barin naitirojin ya yanke ko kaɗan, kuma ana girbi tun reno na kan ganiyarsa.

Me ya sa abin da ya yi aiki a ƙaramar kwalba yake ƙin yi a babban tanki?

Domin ƙwayoyi na yi wa juna inuwa. A reno mai kauri haske ba ya wuce 'yan santimitoci, na bakin gilashi suna ƙuna, na tsakiya suna cikin duhu. Hasken da kowace ƙwaya ke samu ya dogara ne ga ƙarfin fitila, kaurin reno, faɗin mazubi da saurin juyawa, duka a haɗe. Shi ya sa tafkunan da ake juya ruwansu da fanka ba sa wuce zurfin santimita 15 zuwa 30, masu rufaffen tsari kuma suke amfani da siraran bututu ko faifan gilashi. Mai neman fukozantin na iya cin moriyar wannan inuwa: ya bar reno ya yi kauri a ƙarƙashin haske mai ƙarfi, muddin abinci bai yanke ba. Mai neman beta-karotin kuwa dole ya tsinka renonsa don rana ta sami kowace ƙwaya.

Ruwana ya sauya launi ba zato. Ta ina zan fara bincike?

Fara da madubi kafin komai. In ƙwayoyin na nan da rai, ka duba alkiblar sauyin. Kore ko ruwan ƙasa da ya koɗe zuwa rawaya a hankali, bayan reno ya yi kauri, yawanci naitirojin ne ko ƙarfe. Ɗebi kaɗan a wata kwalba ka ƙara taki, in launi ya dawo cikin kwana biyu zuwa uku ka sami amsa. Koɗewa cikin yini ɗaya bayan an matsar da kwalba ko an tsinka reno, haske ne. Kore da ya koma ruwan zaitun mai duhu, da wari da dunƙulewa a ƙasa, mutuwa ce: kulorofil ya saki maganeziyam ɗinsa. In kuma ruwan ya washe dare ɗaya, nemi masu cin su, za ka gansu suna kai da kawo a ƙarƙashin madubi. Wani lokacin ma wani iri ne daban ya shigo ya mamaye, musamman in ruwan ƙasa ya juye kore.

Astazantin da ake ta talla, daga gansakukan teku yake?

Wanda ake sayarwa na asali galibi daga Haematococcus pluvialis yake, ita kuwa ta ruwan daɗi ce, ana nomanta a wurare irin su Kona a Hawai da Ketura a hamadar Isra'ila. Na kawo ta ne don tsarin reno mataki biyu a kanta ya fi shahara. A teku, jan naman kifin salmon da na jatan lande astazantin ne, kuma asalinsa karotin ɗin da ƙananan gansakuka suka haɗa, ƙananan dabbobin ruwa suka ci suka sarrafa. Hodar gashin tsuntsun filamingo ma daga karotin ɗin abincinsa take.

Ido ya isa a auna launi?

Ido na nuna alkibla, ba ya ba da adadi. Kulorofil na iya rufe karotin mai yawa, reno ya yi kore alhali cike yake da lutin. Hanyar da aka saba ita ce a tace ƙwayoyi, a jiƙa su a wani ruwan sinadari mai narkar da launi da ake kira asiton, mai ƙarfin kashi 90 cikin 100, a wuri mai sanyi da duhu, sannan a auna yadda ruwan ke shan haske da na'ura. Don raba launukan ɗaya bayan ɗaya ana amfani da kuromatogirafi, dabarar da masanin tsirrai Mikhail Tsvet na Rasha ya bayyana a 1906, kuma a kan launukan ganye ya ƙirƙiro ta. Launuka masu furotin ba sa fita a asiton. Su ana daskarar da ƙwayoyin ne a narkar da su sau da yawa a cikin ruwa har su fashe.

Wannan matsala ta bi har masu kallon teku daga sama. Tun daga 1978 taurarin ɗan'adam ke auna kulorofil ta launin ruwa. Amma tunda ƙwaya na ƙara kulorofil a inuwa ta rage shi a rana, ƙaruwarsa ba kullum take nufin ƙwayoyi sun ƙaru ba, sai an gyara lissafin da yanayin haske da abinci.

Akwai launin da bai shiga waɗannan gidaje uku ba?

Akwai wani da nake matuƙar sha'awa. Dayatom mai suna Haslea ostrearia na tara wani shuɗin launi a ƙarshen jikinta biyu masu tsini, tana kuma sakinsa cikin ruwa. A yankin Marennes-Oléron da ke gaɓar yammacin Faransa, ana ajiye kawa, wata dabbar teku mai ɓawo biyu da ake ci, a tafkunan laka marasa zurfi kafin a kai kasuwa. In wannan dayatom ta yawaita a tafki, kawar na tace ruwan, sassan numfashinta su rine kore, darajarta ta tashi. Daga sunan garin Marennes aka raɗa wa launin marenin. Makiyayan kawa sun shafe ƙarnuka suna cin moriyarsa ba tare da sun mallake shi ba: tafki ɗaya ya rine, na jikinsa ya ƙi, bana ya zo, baɗi ya ɓace.

Bayan girbi, launin na zama yadda yake?

Ba ya zama sai an kiyaye shi, kuma wahalar makonni na iya salwanta a yini ɗaya a wannan mataki. Dangin karotin na lalacewa in sun haɗu da iska, haske da zafi, shi ya sa ake adana beta-karotin a cikin mai, a mazubi mai duhu da aka rufe ruf. Fikosayanin da fikoyeritirin furotin ne, zafin da ya wuce digiri 45 zuwa 50 na fara warware su, tsami mai yawa ma haka. Kulorofil na juyewa ruwan zaitun a cikin tsami. Dunaliella kuma, da yake ba ta da bango, takan fashe in famfo ya matse ta da ƙarfi ko in an wanke ta da ruwan da ba gishiri, karotin ya tsiyaye ya bi ruwa. Da zarar ka raba ƙwayoyi da ruwansu, ka sanyaya su, ka rufe su daga haske, ka busar ko ka daskarar da su a ranar.